Bar-Mini Ya Gyara Hanyar Laburare

Duk wanda ya taɓa shiga babban laburaren nan na bakin titi ya san mutumin da ke zaune a teburin farko, hannun dama da shiga, shi ne mai yi wa masu karatu katin shiga. Sunansa na gaskiya ya daɗe da ɓacewa, kowa Bar-Mini yake ce masa, har matarsa idan ranta ya ɓaci. Dalili kuwa, ba a taɓa cewa wani abu ya lalace a gabansa ba face ya miƙe, ya naɗe hannun riga ya ce, "Bar mini!" An bar masa fankar ɗakin karatu, tun daga ranar take juyawa da baya, tana zuƙe 'yar iskar da ta rage. An bar masa agogon bango, yanzu ba ya tafiya sai an kwantar da shi a kife. Shi dai bai taɓa yarda laifinsa ba ne, cewa yake kayan zamani ne ba su da ƙwari.

To, ana nan sai laburaren ya tara tsofaffin hotunan ma'aikatan garin, direbobi da maƙera da teloli da masu kai wasiƙa, aka ɗora su a wani shafin intanet na daban, aka kira shi baje kolin hotuna. Injiniya, wato matar da ke kula da kwamfutocin laburaren, ita ta gina shi tun daga tushe. Saura ƙiris ta kammala sai naƙuda ta taso mata, ta tafi hutun haihuwa.

Shugabar laburaren ta tara ma'aikata a ofishinta ta ce, "Matsala ɗaya ta rage. Daga shafin laburare akwai hanyar zuwa baje koli, amma daga baje koli babu hanyar dawowa. Ɗaki ne mai ƙofar shiga, babu ta fita. Mutum ya ga hoton maƙeri, ya ji yana son aron littafi a kan ƙira, sai ya tsaya yana kalle-kalle kamar baƙo a tasha. Ga ranar buɗewa ta matso, Ciyaman na hukumar gudanarwa da kansa zai zo. Injiniya ta ce ɗan ƙaramin aiki ne, maɓalli ɗaya za a sa, a jira ta ɗan samu ƙarfi."

Bar-Mini ya riga ya miƙe, hannun riga ya kai gwiwar hannu.

"Ranki ya daɗe, a jira mai jego ina raye? Bar mini!"

Maigadi, wani dattijo mai bakin da ya fi reza kaifi, yana shigo da kujera ya ji haka. Ya ajiye ta a hankali ya ce, "Ranki ya daɗe, fanka tana gaishe ki."

"Fanka daban, kwamfuta daban," in ji Bar-Mini. "Ina da takardar shaida. Lokacin da na yi kwas ɗin kwamfuta, malamin da kansa ya ce bai taɓa ganin ɗalibi irina ba."

"Wannan kam na yarda," in ji Maigadi.

Shugaba ta dube shi, ta dubi sauran ma'aikata, kowa ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa. Da babu gara ba daɗi. Ta ba shi kalmar sirrin shiga cikin shafin, ta ce, "Maɓalli ɗaya. Ka ji ko? Ɗaya."

Bar-Mini bai ji ba, hankalinsa ya riga ya yi gaba. Ana raɗe-raɗin za a ɗauki mataimaki ga Injiniya, da ofis mai labule da kujera mai juyawa. Ga kuma babban abu: cikin hotunan nan akwai na surukinsa, tsohon direban bas, yana saurayi, ya jingina da motarsa yana murmushi. Tsohon nan kuwa tun da ya ba shi 'yarsa bai taɓa kiransa da komai ba sai "mai buga kati".

Daga wurin aiki bai zarce ko'ina ba sai gidan surukin. Ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya ce, "Baba, ranar buɗewa ka sa manyan kaya. Duk intanet ɗin laburare a hannuna take yanzu. Zan sa hotonka a gaba, duniya ta gan ka."

Tsohon ya dube shi ta saman tabarau. "Kai za ka tuƙa?"

"Ni, Baba."

"To, Allah ya sauke mu lafiya."

Washegari ya zauna a kujerar Injiniya, ya juya hagu, ya juya dama, ya ji daɗin duniya. Ya yi ta danne-danne, yana tsaki, yana gyaɗa kai, duk mai wucewa ya ji shi yana cewa, "Ai kuwa, na gano ta." Can ya fito da maɓalli kore mai rubutun KOMA GIDA. Ya aika aka kira Shugaba, ya kuma kira Maigadi don a gwada da wanda bai san komai ba.

"Baba Maigadi, kama linzamin kwamfutar nan ka danna. Ka riƙe hularka, tafiya za ka yi."

Maigadi ya danna. Allon ya ƙyafta, ya dawo da hoton maƙerin da ke nan tun farko.

"Ina nan inda nake."

"Sake dannawa."

Ya sake. Maƙeri dai, da gudumarsa a sama.

"Ɗana, ko dai motar ba mai?"

"Gudun ne ya yi yawa," in ji Bar-Mini ko gezau. "Ka je laburare ka dawo, idonka ne bai kama ba. Tsufa ne."

Shugaba ta ce, "To so nake ya je ya zauna. Maɓallinka gidan baje koli yake mayar da mutum, ba laburare ba. Ka ba shi adireshin shafinmu ne kuwa?"

"Adireshi? Ai shi nake shirin sawa kuka shigo. Gwada ku nake yi."

Suna fita matarsa ta bugo waya. Ita tela ce, tana da ɗan shafinta inda take sa hotunan ɗinkinta, shi kuma yake ɗora mata. Ta ce ta turo sababbin hotuna, ya sa mata yanzu-yanzu, kada ya ce mata sai anjima. Ya buɗe shafinta a gefe, ya ɗora, waya a kunne, yana ce mata, "Ki rage damuna, yanzu ni mutum ne mai nauyin jama'a." Yana cikin wannan ya kwafi adireshi ya liƙa wa maɓalli, ya canza rubutun zuwa KOMA LABURARE, ya kashe kwamfuta. Gwaji? Gwani ba ya gwaji.

Ba a buɗe baje kolin a hukumance ba, amma ɗalibai sun riga sun gano shi suna ta leƙawa. Da yamma Bar-Mini ya dawo gida ya tarar da tsakar gida cike da maƙwabta, matarsa a kan keken ɗinki, ƙafa na taka feda, waya biyu a kunne, tata da ta maƙwabciya.

"A'a, ɗan'uwa, ba mu da littafin gyaran injin mota," take cewa. "Sai dai riga. Eh, mai aljihu biyu. To turo awonka."

Ta ajiye wannan ta ɗauki waccan. "Tarihin me? Ban san shi ba. Amma akwai yadi mai ruwan ƙasa, in ka gan shi sai ka manta da tarihin."

Maƙwabciya ta ce, "Maigida, tun azahar wayar nan ba ta huta ba. Wata ma cewa ta yi a sabunta mata katin laburare, aka ƙare da doguwar riga da ɗankwali."

Bar-Mini ya tuna aikin da ya yi ɗazu. Ya zaro waya ya danna maɓallinsa, sai ga shafin matarsa, riga mai dogon hannu tana masa maraba.

"Ɗan kuskure ne na na'ura," ya ce. "Gobe zan cire."

Keken ɗinki ya tsaya cak. Matar ta juyo da almakashi a hannu.

"Ka cire me? Tun da na aure ka, wannan ne gyara na farko da ka yi ya amfani wani. Ka taɓa shi ka gani."

"Haba uwargida, aikina fa!"

"Ni kuma nawa fa? Faɗuwa ta zo daidai da zama, kana cewa a tashi?"

Maƙwabta suka kwashe da dariya, wani tsoho mai gyaran takalmi da ke leƙe ta katanga ya ɗaga murya, "Maigida, ni ma a yi mini irin kuskuren nan mana!"

Da safe bai ko ajiye jaka ba aka ce Shugaba na kira. Ya tarar ta juyo da allon kwamfutarta yana fuskantar ƙofa.

"Me ya haɗa laburare da dogayen riguna?"

"Ranki ya daɗe, ai shi ma ɗinki ilimi ne. Na ga a hotunan akwai teloli, shi ne na ce bari a nuna wa jama'a sana'ar tana raye."

"Zan kira Injiniya."

Nan ya zube. "Ranki ya daɗe, ki rufa mini asiri. Mace na fama da jariri, a ce an tashe ta saboda maɓalli? Me duniya za ta ce da mu? Yau ɗin nan zan gyara."

Shugaba ta sake duban rigunan da ke kan allon. Can ta ce, "Ka gyara. Amma kafin ka cire, ce wa matarka ta ajiye mini mai ruwan tokar nan."

Wannan karon, da ikon Allah, ya kwafi adireshin da ya dace. Ya danna, ga shafin laburare. Ya sake dannawa, ga shi dai. Daɗi ya kama shi har ya juya a kujera sau da yawa, jiri ya ɗebe shi. Sai ya ce a ransa, abin da ya yi kyau haka, ɗaya ai rowa ce. Ya sa maɓalli a kan kowane hoto. Ya ga kore bai cika ɗaukar ido ba, ya mayar da su ja. Ya ga ƙanana ne, tsofaffi ba za su gani ba, ya kumbura su. Ya ga suna tsaye kamar marasa lafiya, ya sa suna ƙyafta ido.

Ya kira Maigadi. Maigadi ya matso, ya ja baya, ya kare ido da tafin hannu.

"Wannan baje kolin maɓallai ne?"

"Na hotuna ne. Ga maƙeri nan."

"Na ga guduma. Ina maƙerin?"

"Yana bayan maɓalli."

"Wannan kuma mai takalmi da tayar bas fa?"

Bar-Mini ya duba. Surukinsa ne. Daga hula zuwa gwiwa jan maɓalli ya rufe shi ruf, yana ƙyaftawa.

"Garin gyaran gira," in ji Maigadi, ya bar sauran a bakinsa, ya koma bakin ƙofa yana dariya har da riƙe ciki.

Shugaba ta zo ta gani, ta dafe kai. "Ka kwashe su duka. Ɗaya na ce, ƙarami, a sama, inda ba zai rufe fuskar kowa ba. Gobe ne buɗewa. In na sake ganin jan abu a shafin nan, ko katin ma sai ka yi kewarsa."

Bar-Mini ya kwashe su yana gunaguni. Mutane ba su san darajar aiki ba. An ce a kawo hanya, ya kawo tituna, an ce sun yi yawa. To shi ke nan, tun da maɓalli ke damunsu, zai nuna musu abin da ko Injiniya ba ta taɓa mafarkinsa ba: hanya ba maɓalli ko ɗaya.

Safiyar buɗewa ya zo da wuri cikin sabon ɗinki, har da turare. Ya nemo wani bidiyo a wayarsa inda ake koyar da yadda shafi ke tura mutum wani shafin da kansa. Ya kalli rabi, ya ce sauran surutu ne. Ya saita baje koli ya riƙa tura baƙo laburare ba tare da ya taɓa komai ba. Sai kuma ya yi tunani, ai adalci shi ne a yi wa kowa daidai, ya je shafin laburare ya saita shi ma ya riƙa tura baƙo baje koli. Wani ɗan akwati ya tambaye shi tsawon lokacin da za a jira kafin a tura mutum. Ya zaɓi mafi ƙanƙanta, yana cewa, "Zamani ba ya jira."

Bai tsaya nan ba. Ya shiga ɗakin ajiyar littattafai, ya gyara murya, ya naɗi gaisuwa biyu. Ta baje koli: "Barka da zuwa baje kolin hotuna, aikin hannun ƙwararre." Ta laburare: "Sannu da dawowa laburare, gidan ilimi." Ya ɗora kowace a shafinta, ya ciro hoton surukinsa ya kafa a fuskar farko ta baje koli. Daga ƙarshe, don kada wani mai hassada ya shiga ya ce shi ya yi, ya canza kalmar sirri zuwa wata mai zurfin hikima. Yana shirin dubawa aka ƙwala masa kira a zo a jera kujeru, ya rufe kwamfuta ya fita yana fito.

Zauren taro ya cika. Ɗalibai a baya, malamai a tsakiya, tsofaffin ma'aikatan da hotunansu ke ciki a gaba da iyalansu. Surukinsa na layin farko, ya sha manyan kaya, ya dogara da sanda. Matarsa na gefen mahaifinta, fuska a murtuke tun da aka cire mata kasuwa. Ciyaman, wani ƙaton mutum mai son dogon jawabi, ya yi ta magana a kan tarihi da ilimi har kujeru suka fara ƙara. Da ƙyar ya ce, "Yanzu sai a nuna mana."

Bar-Mini ya taka zuwa gaban majigi kamar ango. Ya karɓi makirufo ba a miƙa masa ba.

"Jama'a, a wasu wurare sai ka danna kafin ka tafi. A nan mun wuce wannan. Ranka ya daɗe, buɗe kawai, ka naɗe hannu."

Ciyaman ya buɗe. Hoton saurayi ya cika farin allo, jingine da bas, muryar Bar-Mini ta fito daga lasifika da ƙarfi: "Barka da zu..."

Allon ya juya. Shafin laburare. "Sannu da da..."

Ya juya. Saurayi da bas. "Barka da zu..."

"Sannu da da..."

"Barka da zu..."

Surukin ya zabura ya nuna da sanda. "Ga ni! A'a, ina na tafi? Ga ni! Kai, ina kuma? Yaro, tsayar da motar nan in ga kaina!"

"Yanzu za ta daidaita, Baba, ɗumi take yi."

Ciyaman ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. "Idona ne, ko kowa haka yake gani?"

"Kowa ne, ranka ya daɗe," in ji Maigadi daga bakin ƙofa. "Ni ai na taɓa yin tafiyar nan. Wancan karon ma ba a je ko'ina ba, amma ba a wahala haka ba."

Ɗalibai na baya suka fara tafi daidai da juyawar allo. Barka da zu, tafi. Sannu da da, tafi. Wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya ta fara kaɗa kai ba ta sani ba.

Gumi ya karyo wa Bar-Mini, amma bakinsa bai mutu ba. Ya ɗaga hannu. "Majigin ne ya tsufa! Aikina lafiya lau yake. Kowa ya ciro wayarsa ya buɗe shafin ya gani da idonsa!"

Shugaba ta ce, "Kada..." amma ina, an riga an ciro. Cikin ƙiftawar ido zaure ya ɗauka. Wayoyi ta ko'ina, manya da ƙanana, masu ƙarar gwangwani da masu murya mai kauri, kowace da inda ta kama: barka da zu, sannu da da, da zu, da da, barka, sannu. Sai ka ce kwaɗi ne bayan ruwan sama, kuma duk kwaɗin muryar mutum ɗaya gare su. Wani ɗalibi ya shigo a guje daga ɗakin karatu ya ce kwamfutocin neman littafi su ma sun kama, mutum ba ya iya rubuta ko harafi ɗaya.

"Kashe shi!" in ji Shugaba ta cikin haƙora.

"Yanzu, ranki ya daɗe. Shiga ɗaya zan yi."

Ya buɗe wurin shiga cikin shafin, ya ɗora yatsu, sai kansa ya yi fayau. Kalmar nan mai zurfin hikima ta nutse a zurfinta. Ya fara laluben ta, cikin ruɗewa kuwa bai lura ba a akwatin suna yake rubutawa, inda haruffa ke fitowa ɓaro-ɓaro, majigi kuma na haska su a bango kowane harafi kamar tafin hannu.

Ɗalibai suka karanta da baki ɗaya: "Gwanin duniya!"

Ba ita ba ce. Ya goge ya sake.

"Na fi Injiniya!"

Ba ita ba. Ya goge ya gwada ta uku.

Wannan karon Shugaba ce ta karanta, a hankali, kalma bayan kalma. "Shugaban gobe."

Zaure ya fashe. Ciyaman ya yi dariya har ya shaƙe, aka miƙa masa ruwa. Matar Bar-Mini ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na girgiza, ba a san kuka take ko dariya ba.

Bar-Mini ya ga ba sarki sai Allah, ya yi tsalle ya nufi bango don ya zare wayar wuta. Ya fizgi ta farko, fitilu suka mutu. Ya fizgi ta biyu, makirufon Ciyaman ya mutu a daidai lokacin da ya fara cewa a kwantar da hankali. Ya fizgi ta uku, ta naɗe masa ƙafa, ya tafi da baya ya zauna daɓas cikin kwandon furannin ado. Majigi kuwa ko a jikinsa, yana ta kai da komo, wayoyi na amsa masa.

Shugaba ta ciro wayarta ta kira Injiniya, ta buɗe muryar wayar, Maigadi ya mayar da wayar makirufo, ta kara a kai. Kukan jariri ya cika zauren, sannan muryar mace a gajiye.

"Ranki ya daɗe, lafiya? Wace hayaniya ce wannan? Tsaya in duba." Can ta ce, "Innalillahi! Wa ya taɓa mini shafi?"

Ba wanda ya shirya, amma zaure gaba ɗaya, har da Ciyaman, har da surukin, suka amsa: "Bar-Mini!"

"Wa ya bar masa?"

Shugaba ta yi tari, ta dubi silin.

"To ku ba ni ɗan lokaci, hannu ɗaya gare ni, ɗayan na riƙe da yarinya. Ina da tawa hanyar shiga."

Aka yi tsit ana jira, sai kwaɗi. Can, ɗaya bayan ɗaya, wayoyi suka yi shiru. Allon ya ƙyafta na ƙarshe ya tsaya. Saurayi jingine da bas, hula a karkace, murmushi har kunne. Daga sama, a kusurwa, wani ɗan siririn rubutu: Koma laburare. Ciyaman ya danna da tsoro-tsoro, ga laburare, ya zauna daram. Ya danna hanyar komawa baje koli, ga saurayin. Aka yi tafi kamar rufin zai tashi.

Tsohon direban ya miƙe, ya taka har gaban allo, ya daɗe yana kallon kansa. Ya miƙa sanda ya taɓa fitilar bas ɗin a bango, ya ce a hankali, "Wannan fitilar ni na ɗaure ta da waya." Sannan ya juyo ga surukinsa, wanda ke fitowa daga kwando da fure maƙale a kunne.

"Shekara da shekaru ina kai da komo da fasinja. Na ga direba mai gudu, na ga mai barci, na ga wanda ya manta hanya. Amma direban da ba ya tsayawa a tasha ko ɗaya, sai yau."

Bar-Mini ya kakkaɓe riga, ya cire furen. "Baba, ai ni na share mata hanya. Da ban haɗa shafukan ba, me za ta raba?"

Shugaba ta matso kusa da shi, tana murmushi saboda baƙi, ta ce ƙasa-ƙasa, "Shugaban gobe, daga gobe ka koma kan katinka. Ko abin huda takarda za ka taɓa, ka nemi izini a rubuce."

Da taro ya watse, matarsa ta ce ita da ƙafa za ta tafi, ba za a gan ta tare da shi ba sai ƙura ta lafa. Ya rage shi zai kai surukinsa gida a babur. Tsohon ya hau da ƙyar, ya gyara riga, ya ɗora sanda a cinya. Suka fita ƙofa, Maigadi na ɗaga musu hannu yana cewa, "Barka da zu!" Suka hau titi har suka iso mararraba. Nan Bar-Mini ya ji ƙarfinsa ya fara dawowa. Ya ɗan waiwayo.

"Baba, babban titin nan akwai cunkoso. Na san wata gajeriyar hanya ta nan baya, ni na gano ta da kaina, ba kowa ya san ta ba."

"Tsaya," in ji tsohon.

"Ba mu iso ba, Baba."

"Na sani. Tsaya."

Ya taka birki. Tsohon ya sauko a hankali, ya dafa sandarsa, ya gyara hula, ya kama bakin babban titi da ƙafa.

"Baba, da nisa fa!"

Tsohon bai ko waiwayo ba. "Da nisa, ɗana. Amma yau nake so in isa."